Takardar da Ka Bari a Jikin Taga, Don Herminio

Da safiyar Talata, 11 ga watan Maris, 2025, Allah ya yi wa Don Herminio Cintrón Lebrón rasuwa a nan Guayama, bayan ciwon zuciya da ya kwantar da shi a asibiti tun farkon Fabrairu. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina cikin aji labarin ya iske ni. Da na fito farfajiyar makaranta sai na ji yadda ake isar da shi daga baki zuwa baki: wai tsohon nan mai motocin wasan yara ya rasu.

Na san ba da raini ake faɗa ba. Haka yawancin mutane suke ɗauka, wataƙila har da mai karanta wannan rubutu, kuma ni ma haka na ɗauka kafin in san ka, Don Herminio. Mota ce ta roba da tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, to me za a kira ta? Amma abin wasa a ƙasa ake tura shi, ya kife, a ɗauka a sake turawa. Waɗannan kuwa a kwali suke zuwa, gutsattsari sama da ɗari, kowanne an rage girmansa sau ashirin da biyar daga na motar gaske. Sai an yanke, an goge, an yi fenti, an haɗa da gam ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu ko tayarsu ba ta juyawa. Wanda ya gama guda ɗaya da hannunsa ya san mazaunin kowane abu a cikin motar tsere, irin waɗanda ake jerawa biyu-biyu a miƙaƙƙiyar hanya a filin Salinas, fitila ta yi kore, kafin ka haɗiye yawu sun ɓace cikin hayaƙi.

Ni ce Damaris, malamar kimiyya, wadda kake kira Misi kamar yadda ɗalibaina suke kira. Tare muka riƙe ƙungiyar haɗa ƙananan motoci ta ranar Asabar, kuma da sunanta nake wannan rubutu.

Bayan guguwar María na fara saninka. Makaranta a rufe, gari babu wuta wata da watanni, yara suna yawo a titi cikin wayoyin da suka zube. Wata rana ina wucewa ta gaban gidanka da jarkar ruwa, sai na hango ɗalibaina a rumfar da kake ajiye mota, zagaye da tebur, shiru kamar ana jarrabawa. Waɗannan yara ne da ba sa iya zama wuri ɗaya a ajina. Ka kwaso duk kwalayen da ka tara tsawon rayuwarka, waɗanda masu irin sha'awarka ba sa yarda ko ledarsu a yage, ka buɗe musu. Na tsaya ina kallo har hannuna ya gaji da jarkar. Ka ɗago kai ka ce in ajiye in jawo kujera, ai babu wanda ya wuce koyo. Da aka buɗe makaranta muka mayar da teburin ɗakin kimiyya, kuma tun daga nan Asabar ba ta taɓa wuce ka ba sai a wannan jinyar.

Akwai abin da kake yi da ban taɓa gani wurin wani malami ba. Idan yaro yana fama da wani ɗan ƙanƙanin abu, ya sa a karkace, ya cire, ya sake sawa a karkace, sai ka cusa hannuwanka biyu a ƙarƙashin cinyoyinka ka zauna a kansu. Na tambaye ka dalili. Ka ce hannun bakanike ba shi da kunya, in ka bar shi a sake zai ƙwace aikin, yaron kuma ya tafi gida da motar da ba tasa ba. Ni da na yi shekaru ina karanta littattafan koyarwa, na koma gida ranar ina tunanin sau nawa na karɓe alli daga hannun ɗalibi.

Kai ka koya musu cewa zaren ɗinki da aka shafa wa kakin kyandir yana zama wayar fulogi. Kai ka koya musu dafa wuyan hannu a bakin tebur don kada ya yi rawa. Idan wani ɗan dunƙule ya kuɓuce wa yaro ya faɗa ƙasa, kai ne farkon durƙusawa, da gwiwoyinka masu ciwo, aji duka ya bi ka da rarrafe, kuma ba a taɓa jin ka tambayi wanda ya yar ba. Wata yarinya da iyayenta suka rabu a shekarar ta daina magana a aji, amma ta yi wata uku kusa da kai tana haɗa inji guda. Ba ka taɓa tambayarta komai game da gida ba. Ranar da ta gama, ita ta tashi ta yi wa sauran bayanin yadda mai yake bi ya shiga. Yanzu tana jami'a a Mayagüez, kuma ta zo jana'izarka.

Amma akwai mota ɗaya da ba ka taɓa kawowa makaranta ba, kuma saboda ita ne hankalina bai kwanta ba tun ranar da aka binne ka.

Matarka Doña Nélida ce ta ba ni labarinta. A shekarar 1974, kana ɗan shekara ashirin kana koyon gyaran mota, samarin unguwa suna kai wa 'yan mata furanni da turare, kai kuwa sai ka je ƙofar gidansu da motar roba a tafin hannu. Ja ce, doguwa, irin motar tseren da ake ɗaga gangar jikinta gaba ɗaya a ga inji, tayoyin baya manya sumul, na gaba sirara. A kowane gefe akwai zanen harshen wuta da lamba. Ita ce ta farko da ka taɓa haɗawa. Gam ya yi yawa har ya tsiyayo, fentin duk sawun burushi. Mahaifinta ya leƙo ya gani, ya koma ciki yana tambayar mahaifiyarta ko yaron nan da hankalinsa. Ita kuwa ta karɓa. Da kuka yi aure ta ɗora ta a saman kabad ɗin gilashi na falo, nan ta zauna har guguwar ta yaye kwanon rufin, ruwa ya shigo, kabad ya kife. Doña Nélida ta tsince gutsattsarin cikin laka ta zuba a kwalin takalmi.

Shekara bakwai kana gyara na kowa, ba ka taɓa wannan kwali ba. Sai bara ka yi mata alkawari: a watan Mayun bana za ku cika shekara hamsin da aure, kuma ranar za ka sake kawo mata motar, wannan karon a gyare.

Mai sake gina tsohuwar mota sai ya fara wargaza ta. Tsohon gam ba ya saki da ƙarfi, sai dai robar ta karye. Dabarar ita ce a jiƙa ta, a ɗaure a leda, a sa a firiza. Ruwan da ya shiga mahaɗai ya daskare ya buɗe su a hankali. Ina gidan ranar da Doña Nélida ta buɗe firiza tana neman ragowar pasteles, abincin nan da ake naɗewa a ganyen ayaba kamar alale, ta fito da leda tana juya ta.

"Herminio, mota ce a cikin firizata ko idona ne ya fara lalacewa?"

"Mayar da ita, tsohuwa, sanyi take sha."

"Shekara hamsin ina ciyar da kai, yanzu kuma motarka ce za ta cinye mini wurin nama."

"Ai taki ce. Ni ajiya kawai nake yi."

Ta mayar da ledar, ta gyara mata wuri a kan kaza, tana gunaguni tana murmushi.

Na ga yadda aikin ya tafi bayan haka. Ka wanke tsohon fentin da maganin wanke murhu har robar ta fito fara. Ka sassaƙa sabon ƙarfen sitiyari daga ragowar robar wata motar kwali, domin na asali ya tafi da ruwa. Ka fesa jan fenti, ka goge, ka sake fesawa. Kafin Kirsimeti injin ya hau. Abu ɗaya ya rage: sitikar harshen wutar nan ta gefe biyu. Ta asali ta narke a ruwan guguwa, kuma an daina yin irinta tun kafin a haife ni. Ka yi ta cigiya har ka samu takarda ɗaya tak wurin wani mutum a taron masu haɗa motoci a Bayamón, tsohuwa sa'ar motar, ta yi rawaya kamar haƙorin mai shan taba.

Maganin wannan rawaya rana ce. Akan sa takardar a farar leda, a liƙa da salatif a jikin gilashin taga inda rana take bugawa, a riƙa dubawa kullum. Da zarar rawayar ta washe sai a sauke. Idan aka bari ta wuce lokaci, ranar nan da ta gyara ta ita za ta ɓata ta: ta cinye jan launi, ta busar da fatar zanen har ta tsattsage. Ka liƙa taka a tagar kicin a farkon Fabrairu, ka ce kada kowa ya taɓa, kai za ka sauke da kanka. Kwana kaɗan bayan haka ciwon ya kama ka a bakin ƙofa.

Na je duba ka a asibiti sau da yawa. Kana tambayata yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wa ya gama, wa ya fasa gilashin gaba. Ba ka ambaci takardar ba, ni kuma ban san an liƙa ta ba.

A yammacin farko na addu'ar kwana tara da ake yi maka a gida, na shiga kicin in taya zuba cakulan da yanka cuku. Ina ɗaga kai na gan ta. Rabinta na sama, inda inuwar rufi take sauka, yana nan da jansa. Rabin ƙasa kuwa ya koɗe ya koma kalar cikin gwanda, kuma da na matsa kusa na ga tsaga sirara sun bi ta ko'ina kamar bayan tsohon faranti. Doña Nélida ta shigo ta same ni a tsaye. Ba ta jira na yi magana ba.

"Na sani, Misi. Kullum in ina wanke-wanke ina ganin tana koɗewa. Sau nawa na ɗaga hannu. Sai in ji kamar in na sauke ta, na ce ba zai dawo ya sauke da kansa ba ke nan."

Ni na sauke ta, a gabanta, ina ɓare salatif ɗin kaɗan-kaɗan. Sai ta faɗa mini abin da take so: a gama motar, a ɗora ta kusa da hotonka a kan teburin addu'a a yammacin ƙarshe, kafin a naɗe farin ƙyallen a kashe kyandir. Ba ta son jiran Mayu. Ta ce ba ta san yadda Mayu zai same ta ba.

'Yarku Zoraida, wadda ta zo daga Orlando, ta kawo shawara mai kyau. Ta ce a ɗauki hoton takardar a aika wa masu buga sababbi a can, a samu mai jan gaske, ko da zai ɗauki makonni. Mahaifiyarta ta ce a'a. Wadda ka nemo da ƙafarka ita take so, ko da ta ruɓe. Daga nan duk suka juyo suka dube ni.

Don Herminio, na ji tsoro. Na manna sitika sabuwa ba adadi, na koya wa yara ma. Amma wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: zanen yana kwance ne a kan takardar kamar ɓawon albasa, har bai kai shi kauri ba. Akan yanka, a tsoma a ruwa mai ɗumi, ya saki takardar, a zame shi a hankali zuwa jikin motar. Sabuwa tana jure wannan. Tsohuwa tana iya shiga ruwa lafiya ta tarwatse a idonka, kuma babu komawa. Takarda ɗaya ce a duniyar da na sani, gefe biyu, kowanne da damar gwaji ɗaya. Idan na ɓata, alkawarin da ka yi wa matarka ne zai narke a cikin kofi, a hannuna.

A gefen takardar akwai wasu ƙananan tambura biyu da motar ba ta bukata. Na yanki ɗaya daga ɓangaren da ya koɗe na tsoma. Ban ma taɓa shi ba ya watse a saman ruwan kamar garin barkono a kan miya. Sai na tuna na taɓa ganin kana shafa wa wata tsohuwar sitika ruwan fenti marar launi don ya riƙe ta. Na nemo kwalbar a cikin kayanka, na shafa siriri, na bari ya bushe, washegari na ƙara. Na gwada da tambari na biyu. Ya fito a haɗe, amma ya yage a baki. Daga nan babu sauran abin gwaji.

Kwanakin da suka biyo baya ina zuwa addu'a da yamma, bakina yana amsawa tare da jama'a, zuciyata tana kan takardar. In ƙara shafi na uku? Ya yi kauri, ba zai kwanta a lanƙwasar jikin motar ba. In bari haka? Ya yage. Sau biyu na ɗauki waya in kira ka, domin shekara bakwai duk tambayar da ta fi ƙarfina kai nake kira.

Ranar ƙarshe da hantsi na je gidan na zauna a teburinka a rumfa. Doña Nélida ta ɗumama ruwa, ta kawo, ta jawo kujera ta zauna daga gefe. Zoraida ta ce ita ba za ta iya kallo ba, ta shiga ciki tana jera kujerun baƙi. Na fara da zanen gefen hagu, wanda yake rabin sama na takardar, inda inuwa ta kare. Na tsoma, na jira, na taɓa da burushi na ji ya motsa. Na dafa wuyan hannuna a bakin tebur. Ya zame daga takardar zuwa jan fentin gaba ɗaya, a haɗe, na danne da auduga ruwan ya fita. Na ji Doña Nélida ta saki numfashi.

Na juya motar. Na san wannan ne mai wuyar. Na tsoma na dama. Ya daɗe bai saki ba. Da ya saki, yana barin takardar ya rabu gida huɗu, bakin harshen wutar kuma ya marmashe ya bi ruwa. Na kasa ɗago kai in dube ta. Na ci gaba da jiƙa burushi ina tura gutsattsarin, wannan ya matso wancan ya kauce, ina tsoron su bushe kafin su haɗu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. A ƙarshe sun haɗu, amma tsaga ta ratsa lambar daga sama zuwa ƙasa, kuma a gaba akwai giɓi kamar ƙwayar shinkafa inda bakin wutar ya kamata ya kai. Na ce mata zan iya cike shi da fenti in na haɗa launin daidai. Ta sa tabarau ta sunkuya ta duba sosai, ta ce in bar shi haka.

Da la'asar, kafin mutane su fara zuwa, na ɗauko motar da hannu biyu na kai falo. Ga farin ƙyalle, ga gicciye, ga kyandir, ga hotonka da hular nan taka ta zuwa Salinas. Na ajiye ta gaban hoton, na daidaita gefen hagu yana fuskantar kujeru, mai tsagar yana kallon bango. Na ja da baya ina dubawa. Daga nan ba a ganin aibi ko ɗaya. Doña Nélida ta zo ta tsaya kusa da ni. Sai ta miƙa hannu ta ɗaga motar a hankali ta juya ta.

"Doña Nélida, ai wancan gefen ya fi."

"Na sani. Wancan aikinsa ne da naki. Wannan da ya koɗe nawa ne, ni na bar shi a rana ina jiransa. Shi nake so a gani."

Haka motar ta zauna har aka idar da addu'a. Abokanka na filin tsere sun zo, sun sunkuya ɗaya bayan ɗaya sun duba, mutanen da suka san aibin sitika daga nesa. Da aka kashe kyandir aka naɗe ƙyallen, ita da kanta ta ɗauke ta ta shiga da ita ɗaki.

Allah ya jiƙanka, Don Herminio. Ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka da haskensa wanda ba ya dushewa, ya saka maka da alheri a kan kowane yaro da ka zauna kusa da shi ka bar shi ya yi da hannunsa. Ina miƙa ta'aziyyata da ta 'yan ƙungiyarmu, na da da na yanzu, ga Doña Nélida, da Zoraida da maigidanta da 'ya'yansu, da sauran dangi na Guayama da na Arroyo, da abokanka na Salinas. Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Doña Nélida, Allah ya tsaya miki a watan Mayu da bayansa.

Ban san yadda Asabar za ta kasance babu kai ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina fargabarta. Amma zan buɗe ɗakin kimiyya da safe kamar kullum. Duk wanda bai taɓa haɗa ko guda ba, yaro ko babba, ya zo ya gwada. Ba sai ya kawo komai ba. Zan ba shi tayar baya guda ɗaya da ɗan sanfefa, ya goge ta a hankali har ƙyallinta ya tafi, ta yi kama da wadda ta taɓa taka hanya.